Gurbin Sa Hannu

Ƙarfe biyu na dare, rumbun kaya, filin jirgin Lisbon,
ruwan Janairu na dukan rufi kamar mai bin bashi.
Abílio ya turo shi a kura, sannu-sannu,
tafiyar mai ɗauke da ƙwai a kan tsani.
Akwati ne, bai kai gwiwata ba.
Cikinsa darma, cikin darma kwalba,
cikin kwalba wutar da ba ta da harshe,
mai nemo ciwo inda ya ɓuya,
mai ƙona hannun da ya yi mata ganganci.

Ni ce Deolinda Fragoso. Shekara ashirin da shida
ina karanta akwatunan da ba a ba ni ikon buɗewa ba.
Takarda ce idona.
Ita ke gaya mini an jefo irinsa daga sama, bai tsage ba,
an yi masa feshin ruwa, bai yi yoyo ba,
an danne shi, an soke shi da sandar ƙarfe,
ya tashi da bakinsa a rufe.

Lambar jikinsa da ta takarda suka gaisa.
Tambari rawaya, ganye uku, yana inda ya dace.
Na ja na'ura baya taku guda, ta yi ƙyas-ƙyas,
ta faɗi adadin da aka rubuta, ba ƙari.
Sunan mai aikowa, sunan mai karɓa,
lambar da za a kira in mota ta kife a hanya.
Shafi shida lafiya lau.
A na bakwai, inda wanda ya rufe zai ce ni na rufe,
gurbin fari fat, kamar farantin da aka wanke.

Abílio ya cire hula, ya matse ruwanta.
Ya ce, kin san mutanen nan, duk mako suke aikowa.
Jirgin Ponta Delgada ƙarfe shida ne.
Abin ciki ba ya jira, ƙanƙara ce a tafin hannu,
kowace sa'a da abin da take sata.
Mutum tara asibitin ya jera.

Na sani.
Ƙanwata Graciete ta taɓa kwanciya ƙarƙashin injin nan,
ni na riƙe mata takalma a baranda.

Amma ga Telmo can, yaron da zai rungume shi a ƙirji
ya cusa shi cikin jirgi,
bai san karatun lambobi ba, birona ya sani.
Sabo ba sheda ba ne,
tsautsayi kuwa ba a sa masa rana.
Na ce, ajiye shi bayan layin ja.

Waya ta yi kuka sau goma sha ɗaya kafin a ɗauka.

Huɗu da kwata sai ga ta, Ermelinda Sequeira,
rigar ruwa a kan kayan barci, silifas ya sha laka.
Na miƙa mata biro, ta ture.
Ta durƙusa da tocila, ta shafa hatimin da yatsa,
ta karanta lambarsa a fili, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai kiran sunayen 'ya'yanta a duhu.
Sannan ta karɓa.
Hannunta na rawa don sanyi, sunan ya fito a karkace,
amma ya fito.

Shida da minti uku rufin ya girgiza, ya lafa.
A tsibirin ba wanda zai ji labarin shafi na bakwai,
haka kuma nake so.
Na huda kwafin, na jera shi bayan na makon jiya.
Kofina ya huce tun tuni.
Abílio har yanzu bai yi mini magana ba,
ya dai bar rabin burodinsa a kan teburina.